Rigar da Na Sa wa Ilu

Da la'asar motar ta ajiye ni a tashar Salaga, ƙafafuna sun kumbura, jakar takardu a hammata. Kakanmu ya zo garin nan da jakuna neman goro, kuma tun muna yara muke jin sunan Gwanja a bakin tsofaffi kamar wani wuri ne a ƙarshen duniya. Ni da na iso, ina da shekara saba'in da ɗaya, ba goro ya kawo ni ba. Takardar 'yan sanda na zo nema.

Ƙanena Iliyasu, Ilu muke ce masa, ya bar Illela tun yana saurayi, ya zauna a Bawku yana fataucin albasa. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'ya biyar. Wata takwas kafin zuwana, motar hayar da ya shiga daga Salaga ta kife a wata kwana, kansa ya bugi ƙarfen kujera. Ya yi kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo aka ce mana ya warke, muka yi sadaka a gida, muka koma harkokinmu. Sai ga waya daga matarsa Ayishetu, haifaffiyar zangon Bawku. Ta ce, "Yaya Alhaji, ka zo. Mutumin da aka dawo mini da shi jikin Ilu ne, amma ba duka ya dawo ba."

Na kwana biyu a gidansu kafin in wuce Salaga, kuma gaskiya ban ga komai ba. Ya tare ni a ƙofa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar da ke sayar da fura a bakin masallacinmu. Na ce a raina mata da tsoro. Amma wata lauya da ke taimakon waɗanda suka yi haɗari ta riga ta yi wa Ayishetu bayani, ni ma ta maimaita mini a waya. Motar tana da inshora. Kamfanin zai iya biyan diyya, ya kuma ɗauki nauyin kai shi asibitin da ake koya wa mai raunin kai zaman duniya daga farko. Abu uku ake bukata: rahoton 'yan sanda, sa hannun Ilu, da rahoton likita da zai auna abin da raunin ya ɗauke masa. Kuma akwai wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Ko ɗaya ba mu da shi, domin tun Ilu yana kwance dangin direban suka zo gaban sarkin zango da goro suna ba da haƙuri, shi kuma ya ce ya yafe. Daga nan kowa ya ɗauka magana ta mutu.

A Salaga wani mutum mai laktaye da jakar fata ya tare ni tun a tasha. Ya ji Hausata ya gane baƙo ne. Ya ce shi ne hanyar ofis, ba a shiga sai ta hannunsa. Na zauna a Jidda, na zauna a Abidjan, na san irinsu a kowane harshe, amma gajiya ta sa na miƙa masa kuɗi. Kashegari ya kawo mini takarda mai hatimi har biyu. Wata mai sayar da koko da ƙosai a kusa da masaukina, wadda take cika mini kofi ba tare da na roƙa ba, ta karɓa ta duba. Ta ce, "Baba, kafara, wannan lamban lori ba na Seidu ba ne. Lorin Seidu kowa ya san shi." Seidu shi ne direban. Na koma tasha neman mai laktaye, aka ce ya tafi jana'iza a wani ƙauye da ba wanda ya iya faɗa mini sunansa.

Mai kokon nan ita ta nuna mini gidan Seidu. Kwana uku ina zuwa ana ce mini ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofa. Rana ta huɗu na tafi da tabarmata na shimfiɗa a inuwar mangwaron ƙofar gidan, na yi azahar a wurin, na yi la'asar. Sai ya fito. Dogo ne, Bagwanje, hannunsa na hagu ya ɗan karkace tun daga haɗarin. Ya durƙusa nesa da ni.

Ya ce, "Alhaji, in kurkuku ne, ka bar ni in kwashe doyana tukuna. Yara ba su da kowa."

Na ce, "Wa ya ce maka kurkuku? Ilu ya yafe maka, ni ban zo in tone abin da ya binne ba. Takardar da ke manne a gilashin motarka, ka san amfaninta?"

Ya ce, "Don polis ne. In babu shi su kama ka."

Shekara goma sha tara yana tuƙi, bai taɓa sanin takardar tana da wani aiki ban da rufe bakin ɗan sanda ba. Na yi masa bayani da Hausa, inda Hausarsa ta tsaya na ƙarasa da harshen Asante, wanda na koya a Kumasi ina saurayi. Ba daga aljihunsa za a cire ba. Da ya gane, sai ya tashi ya shiga gida ya fito da takardun motar a cikin ledar burodi. Tare muka je ofishin 'yan sanda, ya ba da bayani da bakinsa. An sa mu jira, an ce mu dawo, mun dawo, amma cikin mako guda rahoto na gaskiya ya fito. Ranar da zan tafi Seidu ya ɗora mini doya shida a mota, kowace kamar cinyar mutum. Ya ce in gaya wa Ilu kullum yana cikin addu'arsa.

Kafin in bar Salaga na sa aka kai ni na ga tsofaffin rijiyoyin garin. Na tsaya a bakin ɗaya, na ce wataƙila kakanmu ya sha ruwa a nan. Na yi masa addu'a, na yi wa bayin da aka kawo garin ba da son ransu ba, na wuce.

Yendi ba ta cikin shirina. Ilu ne ya tura ni can ba tare da ya sani ba. Na bugo masa waya ina murna, sai ya ce shi ba zai sa hannu a komai ba. Ya ce, "Yaya, na ce na yafe a gaban mutane. In koma in karɓi kuɗin jinina? Da wane ido zan dubi sarkin zango?" Ya kashe wayar. Ayishetu ta sake kirana ta ce mutum ɗaya yake jin maganarsa a duniya, malaminsa na Yendi, wanda ya yi karatu a gabansa shekara huɗu farkon zuwansa ƙasar.

Hanyar Bimbila ta kwance mini kowace gaɓa. Na hau raƙumi a Agadas, na hau jirgin ruwa na katako a Bahar Maliya, ban taɓa jin abin da na ji a kujerar bayan motar nan ba, ga doya shida a kan ƙafafuna. A Yendi malami Afa suke ce masa. Gidan Afa Mumuni, malamin Ilu, gidan karatu ne da ciniki a haɗe, zaure cike da littattafai, ƙofar baya kuma matan gida suna auna masara da man kaɗanya. Na gaishe shi da ɗan Dagbancin da na tsinta a mota, ya yi dariya ya amsa mini da Hausa irin ta kakanninmu, wadda ko a Sakkwato sai a bakin tsofaffi. Ya ce kakansa daga Katsina ya zo. Aka kawo mini tuwo da miyar ayoyo. Da na ɗanɗana daddawar sai kewar gida ta kama ni, har na ajiye loma. Ya lura, ya tura mini kwanon nama.

Ya saurari maganar har ƙarshe. Ya tambaye ni wa zai biya, na faɗa masa. Ya tambaya ko Seidu zai cutu, na ce a'a. Sai ya ce in kunna abin ɗaukar murya a wayata. Ya gyara zama kamar zai ba da karatu.

Ya ce, "Iliyasu, ni ne. Yafewarka tana nan, ba wanda ya taɓa ta, ladanka yana wurin Allah. Ka yafe wa direba, kuma direba ya tsira. Amma tun a littafin da ka karanta a gabana, wanda ya yi rauni bisa kuskure ba shi kaɗai ke ɗaukar diyya ba, jama'arsa ke haɗa masa. Masu motoci sun haɗa nasu sun ajiye don irin wannan rana. Karɓa ba cin amana ba ne. Sannan kan naka ba naka ba ne kai kaɗai, akwai Ayishetu da yara a cikinsa. Ka sa hannu. In na ji ka ƙi, zan hau mota da tsufana in zo, kuma ka san bakina."

Na kwana biyu a zaurensa muna hira da Larabci da Hausa, yana tambayata labarin Sudan, ina tambayarsa yadda Dagwamba ke naɗa sarki. Na bar masa doya uku.

Daga Yendi na bi ta Tamale da Walewale, na kwana a Bolga, da safe muka ratsa Zebilla muka shiga Bawku. Ilu ya saurari muryar malaminsa sau uku, ya share ido, ya sa hannu. Saura likita. Na ɗauka mai wuyar ta wuce.

Likitan ƙwaƙwalwa yana zuwa wani asibiti a garin sau ɗaya a wata. Ranar da za mu je na tashi da himma. A gidanmu ba a zuwa gaban babban mutum a wulaƙance, kuma ba a fitar da ɗan'uwa a bar mutane su ga kasawarsa. Na kira wanzami ya yi wa Ilu aski. Na ciro babbar rigata ta shadda, wadda na ɗinka don ɗaurin auren 'yata, na sa masa. Na karya masa hula yadda za ta rufe tabon, na fesa masa turare. A hanya ina ta yi masa bita: yau Talata, watan kaza, sunayen yaranka kaza da kaza. Da muka isa na ce wa Ayishetu ta jira a benci, maganar maza ce. Ta zauna.

Likitan saurayi ne, Ba'asante, ba ya jin Hausa, Ilu kuma Turancinsa na kasuwa ne. Ni na zama tafinta. Ya tambayi jiki, Ilu ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ciwon kai? Da sauƙi. Barci? Alhamdu lillahi. Aiki fa? Ilu ya ce ana ta fama, ni kuma na juya da Turanci na ce yana fita kasuwa. Aka ce ya riƙe kalmomi biyar a ka. Da aka dawo kansu ya kawo biyu ya tsaya yana kallona, sai na ɗan motsa leɓe, ya cafke sauran. Inda ya yi shiru na cike masa, inda ya karkace na miƙe masa. Na fito ina jin daɗi, na ce ƙanena bai ji kunya ba a gaban yaro.

Bayan mako biyu lauyar ta kira. Ta ce rahoto ya fito: rauni ne mai sauƙi, ya warke, ba ya bukatar wata kulawa. Da wannan takarda, in ji ta, abin da za a ba shi ba zai wuce kuɗin magani ba, maganar asibitin koyo kuwa babu ita.

Ayishetu tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji komai. Ta ajiye faranti. Tun zuwana ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba sai ranar.

Ta ce, "Yaya Alhaji, ka kai likita riga, likita ya duba riga. Riga lafiyanshi ƙalau."

Na ce, "To ni ai ban ga abin da kike faɗa ba."

Ta ce, "Yaya za ka gani? Kai baƙo ne, ni ma na rufe maka. Gobe ba zan rufe ba. Ka zauna ka gani."

Kashegari ta janye hannunta, ni kuma na zauna a kujera ina kallo. Ilu ya fito da safe ya sa riga a bai-bai, ba wanda ya gyara masa. Ya ɗora ruwan shayi ya manta, butar ta ƙone, hayaƙi ya cika rumfa, yana zaune kusa da ita bai ji ƙauri ba. Hancinsa ya mutu tun ranar haɗarin. Shi ne fa mutumin da a da manoman Binduri ke kawo wa albasa, ya sunkuya kan buhu ya shinshina ya ce wannan za ta kai Kumasi, wannan ku sayar yau. Muka je rumfarsa a kasuwa, aka zube masa buhu ya ware, ya fara, ya tsaya, ya haɗa ruɓaɓɓu da masu kyau, ya sake farawa. Wani ya yi masa magana a hankali, sai ya daka masa tsawa, Ilu da ban taɓa jin muryarsa sama ba. Da muka koma gida da azahar ya tayar da salla. Na saba jin Ayishetu tana tari a bayan labule in yana salla, na ɗauka mura ce. Ashe ƙirga masa raka'a take yi. Ranar ba ta yi tari ba. Ya yi biyu, ya yi uku, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, sannan ya tsaya cak a kan tabarma.

Na je na zauna kusa da shi. Na ce, "Ilu, na cuce ka. Na yi maka ƙarya a wurin likita, ina ganin gata nake yi maka."

Ya ce, "Yaya, so kake in gaya wa yaron nan ban iya salla ba?"

Na ce, "Ni zan fara. Zan gaya masa tsoho mai harshe shida ya yi masa ƙarya da Turanci. In na iya wannan, kai ma ka iya naka."

Ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji daga gare shi wadda ba ta gaisuwa ba ce.

Lauyar ta rubuta takardar neman a sake dubawa, aka amince, saura kaɗan wa'adi ya cika. Wannan karon Ilu ya tafi da rigar da ya sa da kansa, ba hula. Ayishetu ta shiga gaba, da kwanon albasa a ka. Na gaya wa likitan abin da na yi, da harshensu don kada ya ce bai gane ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Papa, ba kai ne na farko ba. Mutanenku duka lafiya lau suke har su faɗi." Ya kira wata ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa ta yi tafinta, ni kuma ya nuna mini kujera a bayan Ilu, inda ba za a ga leɓena ba.

Ya tambayi jiki. Ilu ya buɗe baki, na ga "da sauƙi" ta taho har bakin leɓensa. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Likita, ba sauƙi." Daga nan ya yi ta faɗa. Inda ya manta, Ayishetu ta karɓa, da rana da wuri da abin da ya faru, kamar mai karanta allo. Ta zube albasar a kan tebur, a kan takardun likita, ta ce ya ware. Ya kasa. Ta ɗauki ruɓaɓɓiya ta kai masa hanci, mu duka muka kau da kai, shi ko gezau. Likitan ya fi awa biyu da shi, ya cika shafi huɗu.

Ba a biya nan da nan ba. Takardu sun je sun dawo, an nemi wani hatimi, an sake nema. Na yi niyyar wata ɗaya a Gana, na yi bakwai. Amma an biya, kuma aka fara kai shi Tamale duk bayan mako biyu, wurin wata mata da aikinta ke nan, koya wa irinsu yadda za su zagaye abin da ya ɓace. Ta ce hancin ba lalle ya dawo ba, kuma bai dawo ba. Ta koya masa ware albasa da yatsa, ya danna wuyanta ya ji ko ta yi laushi, kwando uku a gabansa kowanne da launinsa. Ta sa aka liƙa hotuna a bangon ɗakinsa, abin da ake yi da safe bi da bi. Maganar salla kuwa, ita ba Musulma ba ce, sai ta zauna da Ayishetu ta tambayi yadda ake yi, suka fito da dabara: ƙwallon dabino huɗu a gefen tabarma, in ya ɗago daga sujada ta biyu ya tura ɗaya gefe. Na kira Afa Mumuni na tambaye shi ko ya halatta. Ya ce mai lalura yana da sauƙin da mai lafiya ba shi da shi, ya ƙara da cewa in ajiye masa huɗu shi ma, tsufa ya fara.

Na ga asibitoci a ƙasashe da yawa, wasu da bene goma. Ban taɓa ganin magani mai araha kamar ƙwallon dabinon nan ba, kuma ban taɓa ganin wanda aka sha wuyar samu kamarsa ba.

Ranar da zan koma gida na ninke babbar rigar na ba shi, na ce ya ajiye don sallar idi, amma kada ya kuskura ya sa ta zuwa asibiti. Ayishetu ta cika mini jaka da soyayyen zabo da yaji. Suka rako ni tasha da hantsi. Na shiga mota na zauna kusa da taga, sai bakina ya yi abin da ya saba, na ce, "To Ilu, yaya jikin?"

Ya tsaya yana tunani, kamar yadda matar Tamale ta koya masa, ba gaggawa.

Ya ce, "Kai yana sara tun asuba. Jiya na yi wa Ayishetu tsawa, na ba ta haƙuri. Amma na yi la'asar raka'a huɗu, ni kaɗai, ba wanda ya yi tari."

Ayishetu ta ce, "Gaskiya ne. Ina kasuwa ma."

Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi." Direba ya tayar da mota.